Ƙurar Zinare Da Ciwon Dajin Huhu: Gargaɗin Da Kimiyya Ke Yi Wa Anka, Bukkuyum Da Gummi

A watan Disamban 2024 ne Ministan Ma'adinai, Dele Alake, ya sanar da ɗage haramcin haƙar ma'adinai da Gwamnatin Tarayya ta ƙaƙaba wa Jihar Zamfara tun watan Afrilun 2019. Hujjar da gwamnati ta bayar ita ce tsaro ya ɗan inganta, kuma haramcin bai hana masu haƙa ta ɓarauniyar hanya ci gaba da harkarsu ba. Tun daga lokacin muhawara ta karkata kan lasisi, da kuɗin shiga, da hannun 'yan bindiga a cikin harkar.

Abin da ba a cika jin ana tattaunawa ba shi ne makomar huhun mutanen da ke shiga ramukan, da masu fasa dutse, da masu tsayuwa kan injin niƙa daga safe zuwa yamma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da maƙwabtansu na Gummi da sauran yammacin jihar da ke zuwa neman na cefane. Wani reshe na kimiyyar lafiya da ake kira efijenetiks ya nuna cewa ciwon dajin huhu kan fara aza harsashinsa shekaru da dama kafin mutum ya yi tarin farko. Wannan ilimi gargaɗi ne ga Zamfara, kuma dama ce idan hukumomi suka motsa da wuri.

Abin da ya faru a 2010

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne wajen sanin illar ƙurar zinare. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta na-gari-na-kowa, wato MSF, suka lura da yadda ƙananan yara ke ta farfaɗiya suna mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Kafin nan, mazauna ƙauyukan sun ga agwaginsu na ƙarewa, amma babu wanda ya danganta hakan da abin da ke tafe. Bincike ya tabbatar da cewa gubar dalma ce, wadda ke cikin duwatsun da ake kawowa har cikin gidaje ana dakawa da niƙawa domin fitar da zinare.

An ƙiyasta cewa aƙalla yara 400 ne suka rasu. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta gudanar tare da jami'an lafiya na Najeriya a ƙauyuka biyu ya gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Sunayen Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru da Duza sun shiga kafafen yaɗa labarai na duniya. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, bayan matsin lamba ya sa Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin.

An yi wa dubban yara magani, an kankare ƙasar tsakar gidaje an zuba sabuwa, kuma a farkon 2022 MSF ta miƙa shirin ga gwamnatin jihar. Sai dai a tsawon waɗannan shekaru hankali ya fi komawa kan dalma, domin ita ce ke kisa nan take. Akwai wani abu na biyu a cikin wannan ƙura wanda ba ya gaggawa. Zinare na zaune ne a jikin farin dutse mai ƙunshe da sinadarin silika, kuma idan aka niƙa shi a bushe, yakan tashi ya zama ƙura mai laushin da ido ba ya gani, wadda ke zarcewa can ƙarshen huhu ta maƙale.

Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya ƙurar silika cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam tun 1997. Ita dalma tana rukuni na biyu ne, na abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasawa. Ban da ciwon daji, silika na janyo taurin huhu da likitoci ke kira silikosis, wanda ba shi da magani, sannan tana ƙara wa mutum haɗarin kamuwa da tarin fuka.

Mene ne efijenetiks?

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum na ɗauke da kundin umarni da ake kira DNA, wanda ya gada daga uwa da uba. A cikinsa akwai ƙwayoyin gado kimanin 20,000. Kundin da ke cikin ƙwayar huhu shi ne dai ke cikin ƙwayar ido da ta hanta. Abin da ya bambanta su shi ne ɓangaren da aka buɗe ana karantawa, da wanda aka rufe.

Duk wanda ya taɓa karatun ajami ya san cewa baƙi shi kaɗai ba ya ba da karatu sai an yi masa wasali, kuma idan wasali ya sauya, kalma ta sauya ko da baƙin bai motsa ba. Haka jiki yake yi. Yana ɗora wasu ƙananan alamomi na sinadarai a kan DNA da kuma kan sunadaran da DNA ke naɗe a jikinsu, alamomin su ne ke cewa a karanta nan, a tsallake can. Nazarin waɗannan alamomi shi ne efijenetiks, sunan da masanin Ingila Conrad Waddington ya ƙirƙiro a 1942.

Muhimmancin abin shi ne, yanayin rayuwa na iya taɓa waɗannan alamomi. Mutanen da aka ɗauki cikinsu lokacin yunwar da ta afka wa ƙasar Holan a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1944 da 1945, an same su da alamomi dabam da na 'yan uwansu na ciki ɗaya bayan shekara 60. A nan Afirka ta Yamma ma, masu bincike a yankin Keneba na ƙasar Gambiya sun nuna a 2014 cewa jariran da aka ɗauki cikinsu da damina sun bambanta a wasu alamomi da waɗanda aka ɗauka da rani, saboda bambancin cimar iyaye mata.

Game da dalma kuwa, wani bincike da aka wallafa a 2015 daga birnin Detroit na Amurka ya nuna alamun cewa dalmar da ta shiga jinin mace mai ciki na iya barin tabo a alamomin DNA har na jikokinta. Binciken ƙarami ne, amma ya isa ya sa duk mai tunanin makomar yaran Bagega da Dareta ya tsaya ya yi nazari.

Yadda abin ke shafar huhu

A cikin ƙwayoyin gado akwai waɗanda aikinsu shi ne taka wa ƙwayar halitta birki idan ta fara hayayyafa babu ƙa'ida, da waɗanda ke gyara ɓarnar da ta samu DNA. Ɗaya daga cikin sanannun masu taka birkin ana kiransa p16. Ciwon daji na samun hanya ne idan irin waɗannan masu gadi suka daina aiki. Wani lokaci lalacewa suke yi gaba ɗaya. Wani lokaci kuma suna nan lafiya lau, alama ce kawai aka ɗora musu ta rufe su.

Tun 1983 masana biyu a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Andrew Feinberg da Bert Vogelstein, suka nuna cewa tsarin alamomin ƙwayoyin ciwon daji ya saɓa da na lafiyayyu. A shekarar 2000, masu bincike ƙarƙashin jagorancin Steven Belinsky a jihar New Mexico suka gano cewa ana iya ganin alamar rufe p16 da wani mai gyara da ake kira MGMT a cikin kakin masu shan taba, har shekara uku kafin likita ya tabbatar da ciwon dajin huhu a jikinsu. 

Hayaƙin taba shi ne aka fi yin nazari a kansa. Wani babban bincike na 2016 da ya haɗa jinin mutane kusan 16,000 ya gano cewa shan taba na sauya alamomi a ƙwayoyin gado fiye da 7,000. Amma ya zo da albishir: mafi yawan alamomin kan koma daidai cikin shekara biyar bayan mutum ya daina, ko da yake wasu kan daɗe har shekara 30. Wannan ya dace da abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke faɗa, cewa shekara goma bayan barin taba, haɗarin ciwon dajin huhu kan ragu zuwa kusan rabin na wanda ke ci gaba da sha.

Darasin a fili yake. Abin da mutum ke shaƙa yau yana rubuta wani abu a huhunsa, rubutun kan ɗauki shekaru kafin ya zama ciwo, kuma wani sashe nasa na goguwa idan aka daina shaƙar tun da sauran lokaci.

Ina aka kwana a batun magani?

Tun da alama ce ta rufe mai gadi, masana sun yi tunanin samar da maganin da zai cire ta. An kuma samu nasara a wasu nau'o'in ciwon daji. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da azacitidine a 2004 da decitabine a 2006 domin wata cutar ɓargo da kan rikiɗe ta zama ciwon dajin jini. A 2006 ɗin ne kuma ta amince da vorinostat domin wani nau'in ciwon dajin ƙwayoyin garkuwar jiki da ke bayyana a fata.

A huhu kuwa, tafiyar ba ta yi sauri ba. A 2011 likitocin Johns Hopkins suka wallafa sakamakon gwajin haɗa azacitidine da entinostat a kan majinyata 45 da ciwonsu ya yi nisa kuma sauran magunguna suka gaza. Mutum biyu ne kawai ƙarinsu ya ja da baya a fili, ɗaya daga ciki ya ɓace gaba ɗaya. Abin da ya ja hankali shi ne wasu daga cikin majinyatan sun fi karɓar magungunan da aka ba su daga baya, lamarin da ya sa ake ta gwajin haɗa irin waɗannan magunguna da masu zaburar da garkuwar jiki.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa wa jama'a ita ce, har yanzu waɗannan magunguna na matakin gwaji ne a ciwon dajin huhu. Abin da likitoci ke dogaro da shi shi ne tiyata, da gashi da na'ura, da allurar kashe ƙwayoyin ciwon, da magungunan da ke kai hari kan takamaiman lahani, da na garkuwar jiki. Duk mai tallar wani ƙulli ko kwalba a kasuwa ko a Facebook da TikTok yana cewa yana wanke DNA ko yana gyara ƙwayoyin gado, neman kuɗi yake yi da jahilcin mutane.

Tarihi ma ya yi gargaɗi kan gaggawar shan ƙwayoyin ƙarin kuzari da sunan rigakafi. An taɓa zaton sinadarin beta-karotin, wanda ake samu a karas, zai kare masu shan taba. Da aka gwada ƙwayarsa a kan maza masu shan taba kimanin 29,000 a ƙasar Finlan, sakamakon 1994 ya nuna ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin 100 a tsakanin masu shan ƙwayar. Wani gwajin a Amurka an dakatar da shi a 1996 bayan an ga ƙarin kashi 28 cikin 100. Cin ganye irin su zogale, alayyahu da rama cikin abinci abu ne mai kyau, kuma wani bincike na 2010 ya danganta yawan cin ganye da ƙarancin alamomin rufewa a kakin masu shan taba. Amma kwanon zogale ba zai kankare ƙurar da mutum ya wuni yana shaƙa ba.

Inda ilimin ya fi kusa da amfanar talaka shi ne gano ciwo da wuri. A Turai an riga an samar da gwajin da ke neman alamar rufewa a wata ƙwayar gado mai suna SHOX2 domin taimaka wa likita tantance ciwon dajin huhu, kuma ana ci gaba da inganta gwaje-gwajen jini da na kaki. Ga yankin da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta CT ke da nisa da tsada, gwajin da kwalbar kaki ko ɗan jini zai wadatar ba ƙaramin sauƙi zai kawo ba, idan ya kai matsayin da za a dogara da shi.

Me ya sa yammacin Zamfara?

A duniya, ciwon dajin huhu shi ne kan gaba wajen kisa a tsakanin nau'o'in ciwon daji. Alƙaluman 2022 sun nuna mutum kusan miliyan 2.5 ne suka kamu, kimanin miliyan 1.8 suka mutu. Taba ce ke da alhakin kusan kashi 85 cikin 100. To amma a wurin haƙar zinare, abubuwan haɗarin taruwa suke yi a kan mutum ɗaya.

Matashin da ke aiki a ramin zinare yana shaƙar ƙurar silika a cikin rami da wajen niƙa. Injin da ke niƙan da janaretan da ke ba da wuta suna fitar da hayaƙin man dizal, wanda cibiyar Liyon ta sanya a rukunin farko a 2012. Da yawa suna shan sigari domin rage gajiya. Idan ya koma gida, matarsa ko mahaifiyarsa na girki da itace a madafi marar iska, yara na goye ko suna zaune kusa. Ƙurar da ta maƙale a rigarsa ma tana binsa har ɗaki.

Yaron da yake shekara huɗu a 2010 ya cika 19 a 2025. Waɗanda suka tsira daga gubar dalma a wancan lokaci su ne samari da 'yan matan yau. Rashin tsaro ya raba ɗimbin iyalai da gonakinsu, wasu na gudun hijira a garin Anka da wasu garuruwa, kuma ga matashin da ba shi da gona ba shi da jari, ramin zinare ne mafi kusa. Ma'ana, huhun da ya shaƙi ƙura tun yana jariri shi ne zai sake shaƙarta yana saurayi. Taurin huhu kan bayyana bayan shekara goma ko fiye, ko ƙasa da haka idan ƙurar ta yi yawa, ciwon daji kuma yakan ɗauki fiye da hakan.

Akwai kuma matsalar kama da wane. Alamomin ciwon dajin huhu, wato tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kaki da jini, ciwon ƙirji, ramewa da sarƙewar numfashi, su ne dai alamomin tarin fuka. Najeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, don haka ba abin mamaki ba ne ma'aikacin lafiya a ƙauye ya fara zargin shi. Amma maganin tarin fuka wata shida yake ɗauka, kuma wata shida a wurin mai ciwon dajin huhu na iya zama bambancin ciwon da za a iya yanke shi da wanda ya riga ya bazu.

Idan ma an yi zargin ciwon, tafiya ce mai tsawo. Majinyaci daga Gummi, Bukkuyum ko Anka sai ya nufi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, daga nan kuma sau da yawa a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a kan hanyoyin da matafiya ke bi da fargaba. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da ciwon dajin mama, na bakin mahaifa da na mafitsarar maza. Na huhu ba ya cikin jerin farko.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a kashe ƙurar tun daga tushe. Ba sabon abu ba ne kuma ba mai tsada ba ne. Wani gwaji da MSF da ƙungiyar OK International suka yi da masu haƙar gargajiya a arewacin Najeriya, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa fesa ruwa yayin haƙa da niƙa ya rage dalmar da ke cikin iska da kashi 95 cikin 100, ya kuma rage ƙurar silika da kashi 80. Ya kamata Ma'aikatar Ma'adinai ta Tarayya, wadda dokar ma'adinai ta 2007 ta ba ikon lasisi, ta sanya niƙa da ruwa ya zama sharaɗi ga kowane kamfani da kowace ƙungiyar masu haƙa a Zamfara, a kuma ƙwace lasisin wanda ya saɓa.

Na biyu, a raba wurin niƙa da wurin kwana. Wannan shi ne darasin da aka biya da rayukan yara a 2010, kuma bai kamata a bari a manta da shi ba. Wurin sarrafa dutse ya kasance bayan gari, da rijiya ko famfo da ma'aikaci zai yi wanka ya sauya tufafi kafin ya koma gida. A hana yara zuwa wurin. A kuma fahimtar da ma'aikata cewa rawani ko ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ƙura mai laushi. Sai takunkumin da aka ƙera musamman domin wannan aiki, shi ma ƙari ne a kan ruwa.

Na uku, Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara ta buɗe rajistar masu aikin haƙa da niƙa, a riƙa yi musu hoton ƙirji da gwajin tarin fuka lokaci zuwa lokaci a manyan asibitocin Anka, Bukkuyum da Gummi. A kafa ƙa'ida mai sauƙi ga ma'aikatan lafiya: duk mai tarin da ya wuce mako biyu a tambaye shi sana'arsa, kuma duk wanda gwaji bai nuna tarin fuka ba, ko aka ɗora shi kan magani bai samu sauƙi ba, a tura shi gaba ba tare da jinkiri ba.

Na huɗu, kada a yi asarar bayanan yaran 2010. An auna jinin dubbansu, an rubuta sunayen ƙauyukansu da yawan dalmar da aka samu a jikinsu. Da wuya a samu irin wannan tarin bayani a wani wuri a duniya. Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa, NICRAT, tare da jami'o'in Sakkwato, Zariya da Gusau, na iya bibiyar lafiyarsu shekara bayan shekara, har da nazarin alamomin DNA ɗinsu. Sai dai dole ne a yi shi da yardarsu da ta iyayensu, da sanin masarautu, kuma a tabbatar duk wanda aka samu da ciwo an yi masa magani. Bai dace a ɗebi jinin talaka a rubuta takardun ilimi a ƙasashen waje a bar shi da tarinsa ba.

Na biyar, a aiwatar da dokar hana yaɗuwar taba ta 2015, wadda ta haramta sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18 sigari, ta kuma haramta sayar da shi kara-kara. Duk mai zuwa kasuwar ƙauye ko bakin rami ya san cewa dokar na nan a takarda ne kawai. Taba da ƙurar dutse idan suka haɗu a huhu ɗaya, ɓarnarsu ta fi ta kowannensu shi kaɗai. Malamai a huɗubar Juma'a da shugabannin ƙungiyoyin masu haƙa na da bakin da za a saurara fiye da na jami'in gwamnati.

Na shida, a tuna da mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na kashe kimanin mutum miliyan 3 a duniya kowace shekara, ta hanyar cututtukan huhu da na zuciya, har da ciwon dajin huhu. Ba kowa ke da halin sayen gas ba, amma murhu mai rage cin itace, da madafi mai taga, da girki a fili, da sauke goyo kafin a hura wuta, abubuwa ne da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin mata za su iya yaɗawa ba tare da kashe maƙudan kuɗi ba.

Nauyin ya rataya ne a wuyan Gwamna Dauda Lawal da gwamnatinsa, da Ma'aikatar Ma'adinai ta Tarayya, da 'yan majalisar da ke wakiltar Zamfara ta Yamma, da masarautun Anka, Bukkuyum da Gummi. Idan har zinaren yankin zai shiga lissafin kuɗin shiga na jiha da na ƙasa, wajibi ne a ware wani kaso domin ruwan niƙa, da hoton ƙirji, da jigilar majinyata.

A 2010 an ce annoba ce ta zo ba zato ba tsammani, ko da yake agwagi sun riga sun nuna alama. A wannan karo babu wannan uzuri. An san abin da ke cikin ƙurar, an san abin da take yi wa huhu, an san tsawon lokacin da take ɗauka, an kuma san cewa ruwa na kwantar da ita. Magungunan da za su buɗe ƙwayoyin gadon da aka rufe na iya zuwa wata rana, kuma idan sun zo, da wuya su fara sauka a Bagega. Abin da ke hannu yau shi ne hana ƙurar shiga. Hausawa sun ce tun kafin a yi daran aka yi kwanɗi, kuma ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Samarin da ke bakin ramukan zinare a yau huhunsu na da sauran ɗanyantaka, kuma shekarun da za a iya cetonsa su ne waɗannan.